Ledar Da Ta Ƙi Karyewa

Bangon da ya raba ɗakin injin gwada ƙarfin kaya da ofishin Dakta na katako ne, fenti kawai aka shafa masa ya yi kama da na bulo. Ko atishawa Dakta ya yi sai Auta ta ji kamar a kafaɗarta aka yi. Don haka da muryarsa ta tashi a safiyar Litinin ɗin nan, ba ta buƙaci kasa kunne ba. Ta dai miƙa hannu ta kashe fanka, wai sanyi ya dame ta.

"Haɗi biyar, Malama! Haɗi biyar daban-daban, sakamako kuma ɗaya tak?"

"Wallahi Dakta, abin da injin ya ba ni ke nan."

"Injin ba ya ƙarya. Leda babu ko ɗigon gilisarin a cikinta, ki ce mini ta miƙe kamar robar wando? Ko dai tukunya ɗaya kika dama kika raɗa mata suna biyar, ko kuma kin zauna a kan gadonki kin ƙirƙiro lambobin nan. Zaɓi wanda ya fi miki sauƙin faɗa."

"Ni? Ni da nake korar yara daga aji a kan satar amsa?"

"To ai kin san hukuncin ke nan. Juma'ar sama ake rufe karɓar kundi. In ba ki kawo mini bayanin da zai shiga kai ba kafin nan, ba sa hannuna kaɗai za ki rasa ba. Gaban kwamitin ladabtarwa za ki je ki yi musu wannan wallahin."

Aka buɗe ƙofa, aka rufe ta a hankali, irin rufewar wadda take son bugawa amma ta tuna a hannun wa take. Takun takalmin Malama ya wuce ƙofar Auta bai tsaya ba.

Auta ta sake kunna fankarta. Shekararta arba'in da uku, 'ya'yanta huɗu, amma sunan da ake kiranta da shi a gidansu ya biyo ta har wurin aiki, kuma ta san wanda ya ɗauko shi ya kawo. Shekara goma sha tara ke nan aikinta tsinka abubuwa. A kawo mata zirin roba ko na takarda ko na fata, ta sa shi tsakanin haƙoran injin sama da ƙasa, ta danna maɓalli. Injin ya yi ta ja har abin ya rabu biyu, allo ya rubuta ƙarfin da ya jure da kuma tsawon da ya miƙe kafin ya sallama.

Ita kuwa Malama, koyarwa take a makarantar sakandare da safe, da rana ta rugo nan tana haɗa digiri na biyu a kan ledar sitaci. Abin ba shi da wuyar fahimta. In aka dama sitacin rogo da ruwan zafi har ya yi kauri, aka zuba a farantin gilashi ya bushe, wata 'yar leda ce ke fitowa garai-garai, wadda in an yar da ita ƙasa za ta cinye. Matsalarta taurin kai. Tsurar sitaci riƙe kansa yake gam, ko lanƙwasa shi ka yi sai ya ce ƙas. Shi ya sa ake zuba masa gilisarin, wannan dai da mata ke haɗawa da man shafawa. Yana kutsawa tsakanin zaren sitacin ya ba su wurin zamewa. In ya yi kaɗan, ledar ta yi ƙarfi amma ta ƙi miƙewa. In ya yi yawa, ta miƙe kamar cingam, ga danƙo, ga shan danshi, ƙarfi kuma ya tafi. Malama haɗi biyar ta tsara: ɗaya babu gilisarin sam, wato na sifili, sai mai kashi goma cikin ɗari na nauyin sitacin, da mai ashirin, da talatin, da arba'in. So take ta nuna a zane yadda ƙarfi ke gangarowa, miƙewa na hawa.

Sai layin zanen ya fito a kwance kamar shimfiɗar tabarma.

Abin da Auta ba ta so ta tuna shi ne ita ta ja ziri hamsin ɗin nan da hannunta. Kunnenta ya san ƙarar tsinkewa yadda uwa ta san kukan ɗanta. Tun a mako na biyu ta ji duk kuka ɗaya suke yi, wani ɗan "taf" mai laushi, daga na sifili har na arba'in. Ta ce wa kanta ba huruminta ba ne, nata ja da rubutawa. Da wannan ta kwanta, da shi ta tashi, kuma ya yi mata daɗin riƙewa fiye da yadda ya kamata.

Ta jawo aljihun tebur inda take ajiye ragowar zirin da ta tsinka. Ta zaro wanda aka rubuta wa sifili, ta naɗe shi a yatsa. Ya naɗu lumui, ko gezau. Ta waiga ƙofa, sannan ta yi abin da aka hana kowa yi a ginin nan: ta sa shi a harshe.

Zaƙi. Ɗan kaɗan, amma zaƙi. Sitaci ba ya zaƙi. Gilisarin ne ke yi.

Sai maganar yayarta ta ran Asabar ta faɗo mata. Suna zaune tana taya ta ninke kaya, Yaya ta ce, "Wannan mutumin ko shan gilisarin yake? Kwalba uku na sayo masa a kemis cikin wata guda, dunduniyarsa kuwa tana nan kamar bakin tafki da rani."

Wannan mutumin shi ne Baba Faranti, mijin Yaya, mai kula da ɗakin gwajin da ke ƙarshen baranda.

Ba wanda ya taɓa riga shi zuwa aiki, har masu shara. Farar rigarsa ta aiki tana shan sitaci har in ya cire ta ya jingina, sai ta tsaya da ƙafarta kamar tana jiran umarni. Da kansa yake wanke ta ya goge, don tun shekarar farko ta aurensu ya duba gugar Yaya ya ce, "Kin yi ƙoƙari," ita kuma ta ce in ta sake taɓa rigar a canza mata suna. Mahaifinsa mai wanki da guga ne a bayan wani asibiti, fararen kayan ma'aikatan jinya yake yi. A hannunsa Baba ya san sitaci: yadda ake gane ya nuna daga ƙyallinsa, yadda ake juya shi hannu ɗaya kada kumfa ta shiga. Da wankin kwalabe ya fara a ɗakin gwaji, ba takardar kirki, sai hannu. Hannun ne ya ɗaga shi. Yana da ɗan ma'aunin magina mai ruwa a ciki da yake daidaita shantocin oben da shi kowace Litinin, don kada leda ta fito gefe kauri gefe siriri. In ya zuba haɗi a faranti sai ya ɗan ƙwanƙwasa gefensa da farce sau uku, ya ce, "Kwanta." Kuma ya kwanta.

Kowane sabon ɗalibi sai ya ji kirarin a makon farko: shekara ashirin da bakwai, faranti bai taɓa fita daga oben ɗin Baba a tsage ba. Abin da ɗaliban ba su sani ba, Auta ta sani, don Yaya ba ta iya riƙe labari. A shekararsa ta farko a wurin, wani shugaban sashe da ya daɗe da barin wurin ya jawo baƙi don ya yi burga, ya buɗe oben da kansa. Duka farantan sun tsattsage kamar ƙwan da ya faɗi. Mutumin ya dubi Baba a gaban jama'a ya ce, "An ce mini ɗan mai wanki ne, ashe ko sitacin ma bai gada ba." Baƙi suka yi dariya. Baba ma ya yi, har ya fi su. Ya koma gida bai ci abinci ba kwana biyu.

Tun daga ranar ya ɗaura yaƙi da duk wani abu mai tsagewa. Kofin gidansa da ya fashe sai ya liƙe shi, ƙyauren da ya yi ƙara sai ya sha mai. In faranti ya suɓuce wa Yaya a kicin, a zani take ƙunshe gutsattsarin ta kai kwandon sharar maƙwabta. Saura wata huɗu ya yi ritaya, kuma kirarin nan shi ne kaɗai abin da yake shirin fita da shi.

Auta ta same shi yana goge sikeli da ɗan burushi.

"Mijin Yaya, barka da aiki."

"Auta sarkin ɓarna. Yau me kika tsinka?"

"Ba komai tukuna. Hannuna ne ya bushe, sam mini gilisarin ɗinka."

Burushin ya ɗan tsaya. "Ya ƙare."

"Wanda aka sayo shekaranjiya?"

"Ƙafafuna biyu ne fa, Auta."

"To cire takalmin in ga dunduniyar."

"Ke dai ba ki da ta ido. Ina ganin girmanki kina neman ki ga ƙafata?"

Ta ajiye zirin a gabansa, gefen da aka rubuta sifili yana sama. "Lasa."

"Ba a lasar komai a ɗakin gwaji. Ni na rubuta dokar na manna a ƙofa."

"Ni na riga na karya maka ita. Zaƙi ne da shi."

Ya ci gaba da goge sikelin da ya riga ya yi fes. Auta ta jawo kujera ta zauna, ta harɗe hannu. Ta san shi: ba a tambayarsa, jiransa ake yi. Bai kai minti biyu ba ya ajiye burushin.

"Gyara na yi."

"Uhm."

"Yarinyar nan za ta auna kayanta, ta ɗora a wuta, ƙararrawar makarantarsu na kiranta. Ta ce Baba ka juya mini ka zuba. To na zuba. Washegari na buɗe oben, wallahi Auta kamar an taka madubi. Na sifilin da na goman duk sun tarwatse. Na arba'in ɗin kuma ya manne wa faranti kamar majina. In nuna mata wannan? Mace da goyo, ga aji, ga miji, ta zo ta tarar da wahalarta a farfashe? Sai na zubar na sake damawa, na ce mata ba su gama bushewa ba, ta dawo gobe."

"Ka sake damawa da naka lissafin."

"Ɗigo kaɗan a nan, ɗigo kaɗan a can. Na arba'in ɗin na ƙara masa sitaci cokali ɗaya ya dawo hayyacinsa. Ba ki ga yadda suka fito ba? Ta ɗaga su a haske tana ta sa mini albarka. Har lemo ta kawo mini."

"Mijin Yaya, ba leda mai kyau take nema ba. So take ta san inda leda ke lalacewa."

"A yi shekara biyu ana karatu don a san yadda abu ke lalacewa?"

"Ni shekara goma sha tara ina tsinka abin da ka gyara, ka taɓa jin an kore ni?"

Ya yi tsaki. "Wa zai zuba kayansa a ledar da ke farfashewa? Lissafinta ne ba daidai ba, ni kuma na girme ta."

Sai ta gaya masa abin da ta jiyo ta bango, ba ta rage ko kalma ba: tukunya ɗaya suna biyar, lambobin kan gado, kwamitin ladabtarwa, Juma'ar sama. Tana faɗa tana kallon yadda kafaɗun farar rigar suka tsaya ƙyam, mutumin da ke ciki yana ƙanƙancewa.

"Ƙarya ya ce ta yi?"

"Ya ba ta zaɓi tsakanin ƙarya biyu."

Baba ya zauna a kan doguwar kujerar da ya hana ɗalibai hawa. Can ya ce, da murya ƙasa-ƙasa, "To ai da sauƙi. Mu sake yi yadda ta rubuta, shiru-shiru. Ba sai kowa ya ji ba."

"Sai ta kai wa Dakta sababbin lambobi cikin mako guda, waɗanda suka yi daidai da abin da ya ce yana so? Ai sai ya ce ta ƙirƙira sau biyu. Dole wani ya je ya faɗi abin da ya samu na farkon." Ta ɗan dakata, amma harshen ya riga ya yi zafi. "Kuma kada ka fake da goyonta. Ba fuskarta ka gani a oben ɗin nan ba. Fuskar wancan mutumin ka gani, da baƙinsa."

Bai musa ba. Ya dai ɗago ya dube ta da kyau, irin duban da yake wa faranti yana neman kumfa.

"Ke fa? Ziri hamsin kika ja. Kunnen nan naki da yake jin motsin takarda ta bayan bango, bai ji duk kuka ɗaya suke yi ba?"

Nan Auta ta rasa inda za ta ajiye idonta. Gaskiyar da ta ƙi kallo ita ce tun mako na biyu ta zargi hannunsa. Shi ya kawo ta aikin nan. Shekara goma sha tara yana gyara mata riƙon almakashi a gaban ɗalibai, yana kiranta Auta a gaban farfesoshi. Da ta ji mai kirari ya yi tuntuɓe, sai ta ninke abin ta ajiye a ƙasan zuciya kamar sabon zani, tana leƙa shi lokaci-lokaci tana jin daɗi. Ba ta taɓa tambayar kanta wa zai biya kuɗin ɗinkin ba.

"Na ji," ta ce.

"To mu biyu ne."

"Mu biyu ne. Amma kai ne mai kwalba."

Da la'asar suka tare Malama a baranda suka shigo da ita. Idonta ya kumbura. Baba ya yi bayani yana kallon famfo. Da ya gama, Auta ta fara neman ruwan da za ta ba ta. Sai Malama ta fashe da dariya, dariyar ta juye kuka, kukan ya sake juyewa.

"Baba! Ni da nake kawo maka lemo ina godiya!"

"Mai daɗi ne kuwa, 'yata."

"Wata uku ina zargin kaina. Na ce ko sikelin ne ban iya ba, ko kaina ne ya toshe da haihuwa. Mijina har cewa ya yi in haƙura da karatun."

Wannan ce ta shigi Baba fiye da maganar kwamiti. Ya sa hannu a aljihu ya fito da 'yar kwalbar, saura kaɗan a gindinta, ya miƙa wa Auta. "Riƙe mini. Kada ki ba ni ko na roƙe ki."

Ran Talata Malama ta nemi izini a makarantarsu, ta tsaya a kan tukwanen gilashi biyar kamar mai gadi. Baba ne ya juya, don ba wanda ya kai shi, amma sau biyu Auta ta ga hannunsa na hagu ya tafi aljihu da kansa ya dawo wayam. Da ya zo zuba na sifilin, ya ƙwanƙwasa farantin sau uku kamar kullum, sai dai bai ce masa kwanta ba. "Allah ya ba ka haƙuri," ya ce.

Ran Alhamis aka buɗe oben. Baba ya ce Malama ta buɗe da kanta, shi yana da abin dubawa a taga. Farantan sifili sun tsattsage sun nannaɗe kamar busasshen ganye. Na goma sun dare daga gefe. Na arba'in suna ƙyalli kamar an shafa musu zuma.

"Kai, masha Allah!" in ji Malama. "Baba zo ka ga yadda suka fashe!"

"Ina jin ki daga nan."

Murnar ba ta daɗe ba. Injin Auta ziri yake ci, mai tsawon yatsa biyu, ba gutsattsari ba. Malama ta sa farce za ta ɓamɓaro ledar kashi goma, ta ce ƙas a hannunta. Ta gwada ta biyu, ita ma haka. Saura faranti uku, kuma babu kwanakin sake damawa. Ta juya ta dubi bayan farar rigar da ke taga.

"Baba."

Ya zo kamar ba ya so. Ya ɗauki farantin ya karkata shi a haske, ya zaro sabuwar reza daga aljihun sama. Ya kai farantin bakinsa zai huro masa numfashi, sai ya tsaya.

"Wannan ma haramun ne?"

Malama ta yi tunani. "A'a. Daga nan duk akwatin danshi ɗaya za su zauna har Litinin kafin a ja su, zai daidaita su. Hura."

Ya hura a hankali, gefen ledar ya ɗan saki. Ya zura rezar a kwance, yana tafiya da ita kamar mai cire ƙaya daga ƙafar jariri. Ba wanda ya yi numfashi mai ƙarfi a ɗakin. Ledar ta taso ɗungurungum, tana rawa. Kafin azahar ya fitar da ziri biyar daga na goma. Daga manyan ɓaraguzan na sifili kuwa, waɗanda Malama ta riga ta fid da rai, ya yanko uku.

"Dakta da kansa ba zai iya wannan ba," in ji Auta.

"Dakta ko rigarsa ba ya iya gogewa," in ji Baba, yana goge rezar.

Ran Litinin Auta ta sa zirin sifili a haƙoran inji, da lallashi don kada ya karye tun kafin a fara. Ta danna. Lambar ƙarfi ta yi sama da gudu, sai ƙas! Ko miƙewar kirki bai yi ba. Na goma ya ɗan jure. Na ashirin da na talatin suka miƙe suka ce taf. Na arba'in ya yi ta tafiya, ya yi ta sirancewa, har Auta ta ce masa, "Kai, muna da abin yi," sannan ya rabu ba tare da ko ƙara ba. A kan allo layin ƙarfi ya gangaro kamar matakala, na miƙewa ya hau. Malama ta rungume Auta, sannan ta rungume injin.

Baba ya gyara wuyan rigarsa, ya karɓi takardun daga hannun Malama. "Biyo ni, 'yata. Ke kuma Auta, kashe fankar, na san za ki kashe."

Ta kashe.

Ta bango ta ji sallamarsa, ta ji an jawo kujera, ta ji ya ce a bar shi a tsaye. Bai yi kwana-kwana ba. Ya faɗi farantan da ya zubar, da ɗigon, da cokalin sitacin. Bai ambaci goyo ba, bai ambaci Auta ba, kuma wannan na biyun ya fi mata ciwo da a ce ya ambata. Sai ƙarar juya takardu.

"Baba," in ji Dakta, muryarsa ta ƙi tashi, "shekara nawa kana wannan gyaran? Sauran ɗaliban baya fa?"

"Su ai duk kashi talatin suke sawa, ranka ya daɗe. Ba sa buƙatar gyara." Ya ɗan yi tari. "Sosai."

"Innalillahi."

Auta ta toshe baki da mayafi. Daga nan faɗa ya sauka, mai tsawo, har da batun takardar gargaɗi da za a sa a fayil ɗin mutumin da bai taɓa samun ko ɗaya ba. Baba na ta cewa, "Haka ne." Can Dakta ya yi gyaran murya sau biyu.

"Malama, abin da na faɗa ran Litinin ɗin can, ki bar shi a ɗakin nan. Ni ma da na leƙo oben ɗin sau ɗaya da na gani. Ki sake rubuta babi na huɗu, ki kawo ran Alhamis in sa hannu."

Auta ba ta jira ba. Ta ƙwanƙwasa katakon da bayan yatsa. "Dakta, ni ma na ji ƙararsu ɗaya tun mako na biyu ban faɗa ba."

A ɗaya gefen aka ajiye takardu a kan tebur.

"Bangon nan," in ji Dakta, "sai na sa an zuba masa bulo."

Takun Malama ya wuce da sauri, wannan karon har da ɗan tsalle. Bayansa sai ga farar rigar a ƙofar Auta, tsaye ƙyam kamar ba abin da ya same ta.

"Ba ni kwalbata."

"Ka ce ko ka roƙa kada in ba ka."

"Na ƙafa ne. Yayarki ta ce in ban gyara dunduniyar nan ba zanen gado zai kai ni ƙara."

Ta miƙa masa. Ya sa a aljihu, ya juya zai tafi, sai idonsa ya faɗa kan tiren da ta tara ɓaraguzan ledar sifili za ta zubar. Ya dawo ya ɗauki guda, ya ɗaga shi a hasken taga, ya juya shi gaba da baya. Ya mayar a hankali, ya taka zuwa bakin ƙofa, ya dafa ta.

"Kafin ki zubar, Auta, ki duba su da kyau. Ko kumfa ɗaya babu a ciki, kuma kauri ɗaya ne daga gefe zuwa gefe. Ko wadda za ta fashe ɗin ma, ba kowa ya iya zuba ta ba."